An ba ni damar duba fayil ɗina na asibiti a waya: in buɗe ko in bar wa likita?

Tambaya: Wani bawan Allah mai shekara hamsin da 'yan kai, da ke fama da hawan jini da ciwon suga, ya rubuto cewa asibitin da yake zuwa sun koma ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta, har sun ba shi hanyar shiga ya ga nasa ta waya. Da ya buɗe sai ya tarar da wasu sakamakon gwaji an rubuta su da ja, ya ga sunan wani magani da ya daɗe da dainawa yana nan cikin jerin magungunansa, sannan ya karanta wata magana a rubutun likita da ba ta yi masa daɗi ba. Ya ce: "Likita, anya wannan abu ba tayar da hankali kawai yake yi ba? Haƙƙina ne in gani, ko alfarma aka yi mini? In na ga kuskure yaya zan yi? Kuma ɗana yana so in ba shi kalmar sirrin don ya riƙa duba mini. In ba shi?"

Amsa: Malam, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka buɗe, ka kuma riƙa buɗewa. Sai dai a cikin abubuwa ukun da ka gani, wanda ya fi tayar maka da hankali, wato jan rubutun, galibi shi ne mafi ƙarancin haɗari. Wanda kuma ka ambata kamar ba komai ba, tsohon maganin nan da bai fita daga jerin ba, shi ne ya fi damuna, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Batun haƙƙi tukuna. Ba alfarma ba ce. Kwamfuta da ma'ajiya na asibiti ne, su ke da nauyin tsare su, amma abin da ke ciki labarin jikinka ne, kuma dokokin ƙasashe da dama sun ba mutum ikon ganinsa da karɓar kwafinsa. Ba a dare ɗaya aka kai ga haka ba. A 1973 wasu masana biyu a Amurka, Budd Shenkin da David Warner, sun rubuta a mujallar New England Journal of Medicine cewa a riƙa miƙa wa kowane majinyaci cikakken fayil ɗinsa, a zamanin da fayil abu ne da ke yawo daga hannun ma'aikaci zuwa hannun likita, mai shi yana hangensa daga nesa. Doka ta biyo baya a hankali. A ƙarƙashin HIPAA, dokar Amurka ta 1996 mai kare bayanan lafiya, asibiti na da kwana 30 ya amsa wa wanda ya nemi bayanansa. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, da ta fara aiki a 2018, ta ba da wata ɗaya, kuma kwafin farko kyauta ne. Gani ta intanet kuwa, Denmak ta buɗe shafinta na ƙasa a 2003, Estoniya ta kafa nata tsarin a 2008, yankin Uppsala na Suwidin ya buɗe wa jama'arsa a 2012. A Amurka, daga 5 ga Afrilun 2021 aka hana asibitoci toshe wa majinyaci bayanansa na kwamfuta ba tare da dalilin da doka ta amince da shi ba, har da rubutun likita. A Ingila, daga ƙarshen Oktoban 2023 aka wajabta wa likitocin matakin farko su bar majinyata su ga sababbin abubuwan da ake shigarwa a fayil ɗinsu ta manhajar NHS App.

Haƙƙin yana da iyaka. Ana iya riƙe abin da ya shafi wani mutum dabam, misali bayanin da ɗan'uwa ya ba likita a asirce, da abin da ake ganin zai jefa majinyacin ko waninsa cikin mummunan haɗari. A Amurka ma, rubutun da likitan ƙwaƙwalwa ya keɓe wa kansa daga zaman tattaunawa ba ya cikin abin da doka ta tilasta a bayar. Kowace ƙasa da irin dokarta, don haka sashen ajiye fayiloli na asibitinku ne wurin tambaya.

Fargabar da ka ji, likitoci sun riga ka jin ta. Sun yi ta cewa majinyata za su ruɗe, za su dame su da kira, za su kai su ƙara. A 2010 aka gwada abin a aikace: Tom Delbanco da Jan Walker suka jagoranci wani bincike mai suna OpenNotes, inda likitoci 105 a Boston da Pennsylvania da Seattle suka buɗe wa majinyatansu rubutunsu na tsawon shekara guda. Sakamakon ya fito a 2012. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda aka rubuta musu wani abu sun buɗe sun karanta. Cikin waɗanda suka amsa tambayoyin masu bincike kuma suke shan magani, kashi 60 zuwa 78 sun ce karatun ya sa sun fi kiyaye shan maganinsu; waɗanda suka ce ya ruɗa su ko ya ɓata musu rai ba su wuce kashi 1 zuwa 8 ba. Kashi 99 sun so a ci gaba, kuma babu likita ko ɗaya da ya zaɓi ya rufe bayan shekarar ta ƙare. Amma kar mu zuzuta abin fiye da kima. Wannan abin da mutane suka faɗa ne da bakinsu, kuma waɗanda suka ji daɗi sun fi saurin amsa tambaya. Hujjar cewa buɗe fayil shi kaɗai yana sauke hawan jini ko yana tsawaita rai ba ta kai wannan ƙarfin ba. Inda hujjar ta fi kama jiki shi ne wajen gano kuskure.

Ga yadda tsohon magani a jeri yake zama masifa. A ce mutum yana shan lisinopril don hawan jini, sai ya sa masa busasshen tari, abin da maganin ya saba sa wa wasu. Likita ya ce ya daina, ya canza masa zuwa losartan, amma a cikin sauri ya shigar da sabon bai cire tsohon ba. Wata takwas bayan haka likitan ya tafi hutu, ko an kwantar da mutumin da daddare a sashen gaggawa yana galabaice ba ya iya dogon bayani. Likitan da ke bakin aiki bai taɓa ganinsa ba. Abin da yake gabansa allo ne, kuma allon ya ce magani biyu. Sai ya sabunta duka biyun. Waɗannan magunguna a hanya ɗaya suke aiki, haɗa su yana iya ɗaga sinadarin fotasiyam a jini ya kuma taɓa ƙoda, shi ya sa ba a so a haɗa su. Babu wanda ya yi mugunta a nan, kowa ya bi abin da aka rubuta. Mutum ɗaya ne a duniya ya san tabbas abin da yake haɗiya kowace safiya, kuma shi ne wanda a da ba a bari ya ga jerin. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Kwamfuta ta kawar da matsalar rubutun likita da ba ya karantuwa, ta kawo tata. A takarda, kuskure yana zama a shafin da aka yi shi. A kwamfuta kuwa kwafarsa ake yi: likita ya ɗauko bayanin zuwan da ya wuce ya liƙa a na yau don ya rage aiki, na gaba ma haka, har maganar da aka rubuta a matsayin zato ta koma gaskiyar da kowa ya yarda da ita. Wani lokaci hannu ne ya zame wajen zaɓen suna a jeri, aka danna na ƙasa maimakon na sama. Wani lokaci mutum biyu ne masu suna ɗaya, aka zuba gwajin wannan a fayil ɗin wancan. A wani bincike da aka buga a mujallar JAMA Network Open a 2020, cikin majinyata sama da 22,000 da suka karanta rubutun likitocinsu, kusan ɗaya cikin biyar ya ce ya ga kuskure, kuma kusan kashi 40 na waɗannan sun ɗauki kuskuren a matsayin babba. Ba kowane abin da majinyaci ya kira kuskure ne yake zama kuskure ba, amma ko da rabi ne, adadin ba ƙarami ba ne.

Bayan magunguna, ka duba inda aka rubuta abin da jikinka ba ya karɓa, wato alaji. Kuskure a nan ta fuska biyu yake zuwa. In maganin da ya taɓa kumbura maka fuska ko ya toshe maka numfashi ba ya wurin, haɗarin a fili yake. Amma akasin haka ma illa ne: kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da rubutun cewa jikinsa ba ya karɓar penisilin, alhali idan aka gwada su, kusan tara cikin goma ba su da matsalar komai da shi. Wani gudawa kawai ya yi yana yaro aka rubuta masa alaji, rubutun ya bi shi har tsufa, ana ta kauce wa maganin da ya fi dacewa da shi ana ba shi wanda bai kai shi ba. Kada ka cire da kanka, kada kuma ka gwada sha a gida. Ka nemi likita ya sake duba labarin.

Sai jerin cututtukan da aka ce kana da su. A nan akwai wani labari sananne. A 2009 wani Ba'amurke mai suna Dave deBronkart, wanda ya warke daga ciwon dajin ƙoda, ya tura bayanansa daga asibiti zuwa Google Health, shafin ajiye bayanan lafiya na kamfanin Google. Sai ya ga an ce dajin ya bazu zuwa ƙwaƙwalwarsa ko ƙashin bayansa, an kuma ce yana da kumburin babbar jijiyar jini, abubuwan da bai taɓa samu ba. Da aka bincika sai aka gano ba rubutun likitoci aka tura ba, lambobin cututtuka ne da ake aika wa kamfanin inshora don neman biya. Irin waɗannan lambobi sukan nuna abin da aka yi gwaji don a bincika, ba lallai abin da aka samu ba. Har yau wannan yana faruwa, don haka in ka ga sunan cutar da ba a taɓa gaya maka ba, ka fara da tambayar daga ina ta shigo kafin ka hana kanka barci.

Yadda ake gyara kuwa, ya danganta da nauyin abin. Magani, alaji, rukunin jini, ko sakamakon da ka tabbata ba naka ba ne: waɗannan ba a jira da su, ka kira asibitin ko ka je a ranar. Sauran kuma ka rubuta, domin maganar baki tana ɓacewa. Ka faɗi ranar da aka shigar da abin, abin da aka rubuta, abin da yake daidai, da shaidarka in akwai, kamar takardar sallama daga wani asibiti ko hoton kwalin maganin da kake sha. Gajeren saƙo mai tsabta ya fi dogon ƙorafi aiki: "An rubuta ina shan magani kaza. Likita ya ce in daina a wata kaza saboda tari. Yanzu kaza nake sha, sau ɗaya a rana. Don Allah a gyara." Ka sani kuma cewa galibi ba a goge abin da aka riga aka rubuta, ƙari ake yi a kansa da kwanan wata da sunan wanda ya gyara, saboda fayil shaida ne a gaban doka. Akwai kuma bambanci tsakanin abin da ya faru da ra'ayin likita. In an ce ƙafar hagu aka yi wa aiki alhali ta dama ce, gyara dole ne. In likita ya rubuta cewa yana zaton damuwa ce ke kawo maka ciwon kai kai kuma ba ka yarda ba, ba za ka tilasta masa janyewa ba, amma a ƙasashe da dama kana iya sa a haɗa bayanin rashin amincewarka da fayil ɗin. A Amurka kwana 60 doka ta ba asibiti ya amsa buƙatar gyara.

Yanzu jan rubutu. Na'ura ce take sa shi, ba likita ba, kuma na'urar ba ta san ka ba. Abin da take yi shi ne ta gwada lambarka da wani ma'auni mai ƙasa da sama, in ta fita ko da ɗigo ɗaya ne ta shafa ja. Yadda ake samo ma'aunin a yawancin gwaje-gwaje shi ne a auna masu lafiya da yawa, a ɗauki kashi 95 da ke tsakiya a ce su ne daidai. Ma'ana, tun daga tushe an yarda cewa mai lafiya ɗaya cikin ashirin zai faɗa waje. In aka yi wa lafiyayyen mutum gwaji ashirin da ba su da alaƙa da juna, lissafi ya nuna yiwuwar aƙalla ɗaya ya fito da ja ta kai kusan kashi 64 cikin ɗari. Ka ga ke nan ganin ja a takardar mai lafiya ba abin mamaki ba ne. Akwai kuma jan da daga kwalba ya samo asali, ba daga jiki ba: in ƙwayoyin jini suka fashe wajen ɗiba ko jinin ya daɗe kafin a auna, fotasiyam yana iya fitowa sama, sai a ce a sake ɗiba. A ɗaya ɓangaren, baƙin rubutu ba kullum yake nufin lafiya ba. Gwajin kiriyatinin da ake duba ƙoda da shi yana bin yawan tsokar jiki. Tsohuwa 'yar siririya tana iya samun lambar da ke cikin ma'auni alhali ƙodarta ta yi rauni.

Shi ya sa abin da ya fi amfani ga mai irin ciwonka shi ne tafiyar lambobi a tsawon lokaci. Ka jera gwajin ƙodarka na shekara uku ka gani: a tsaye yake ko yana hawa a hankali? Haka gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce. Daga 6.5 cikin ɗari ake cewa mutum yana da ciwon suga, don haka a wurinka kusan kullum zai fito da ja. Abin tambaya shi ne ko ya kai inda kai da likitanka kuka sa gaba, wanda ga manya da yawa wajen 7 ne, ga tsofaffi masu rauni kuma akan sassauta. Ka kula da ma'aunin da aka yi amfani da shi in kana haɗa takardun wurare biyu. Wani wuri suga 126 ne, wani wuri 7.0, kuma abu ɗaya ne, saboda na farko a mg/dL yake, na biyu a mmol/L. Raba na farko da 18 ake yi. Mutane da yawa sun tsorata a banza a kan wannan.

Akwai wurin da ni kaina nake cewa a yi hattara, wato sakamako mai nauyi: tsokar da aka ɗebo don a duba ko akwai ciwon daji, hoton sikan da ake neman ƙari da shi, gwajin ƙwayoyin gado. A tsarin da ke sakin sakamako nan take, majinyaci yana iya riga likitansa gani, a daren Asabar, shi kaɗai, babu wanda zai kira. Rahoton masu karanta hoto kuma al'adarsa ce ya lissafa duk abin da abu zai iya zama, har da mafi muni, ko da yiwuwarsa kaɗan ce. An tambayi majinyata sama da 8,000 a Amurka a kan haka, a wani bincike da ya fito a 2023: kusan kashi 96 sun ce sun fi so a ci gaba da sakar musu sakamako nan take, har da waɗanda nasu ya fito ba daidai ba, ko da yake damuwa ta fi yawa a wajen waɗannan. Fahimtata ita ce ga mutane da yawa zaman jira ya fi mugun labari azaba. Amma kai ba adadi ba ne, kai ka san zuciyarka. Ka yanke shawarar tun kafin a ɗebi jinin: ka tambayi likita me yake nema, yaushe sakamakon zai fito, wa za ka kira in ya fito. In ka san ba za ka iya karanta irin wannan kai kaɗai ba, ka kashe sanarwar manhajar, ka bari sai kuna tare. Abu ɗaya da babu sassauci a kansa: kada ka daina magani ko ka ƙara shi saboda lambar da ka gani, kuma ciwon ƙirji, mutuwar ɓarin jiki ko sarƙewar numfashi ba a tura musu saƙo a manhaja, asibiti ake tafiya.

Maganar da ta ɓata maka rai ba zan daɗe a kanta ba. Ba kai kaɗai ba ne. A wani bincike na 2021 kusan ɗaya cikin goma na masu karanta rubutun likita ya ce ya ji an yanke masa hukunci ko an muzanta shi, musamman a kan ƙiba, shaye-shaye, da zancen cewa "ba ya bin umarni". Wani ɓangare na wannan salon aiki ne da aka gada, rubutu ne da aka saba yi wa abokan aiki a gaggauce ba tare da tunanin mai shi zai karanta ba. Wani ɓangaren kuma, gaskiya, rashin ladabin alƙalami ne, kuma yana da illa, domin likitan da zai zo daga baya yana fara ganinka ta wannan rubutun kafin ya ga fuskarka. In an rubuta ba ka shan magani alhali dalilin shi ne yana sa ka jiri, ka faɗa, ka nemi a rubuta dalilin. Likitan kirki ba zai ji haushi ba.

Kada ka dogara da manhaja a matsayin ma'ajiyarka ta dindindin. Google Health ta daina aiki a farkon 2012, HealthVault ta kamfanin Microsoft ta rufe a 2019, asibitoci kuma suna canza kamfanin da ke riƙe musu bayanai, a yi asarar wani abu a hanya. Bugu da ƙari, abin da kake gani fayil ɗin asibiti ɗaya ne; duk da ƙa'idar musayar bayanai irin FHIR da ake ta yaɗawa, kwamfutocin asibitoci da yawa har yanzu ba sa jin yaren juna. Ka sauke kwafin muhimman abubuwa: takardun sallama, rahoton tiyata, rahoton hotuna, gwaje-gwajen shekara. Ka kuma haɗa shafi guda a takarda mai ɗauke da cututtukanka, magungunanka da adadinsu, alaji, da lambar wanda za a kira. Ranar da waya ta mutu ko babu sabis, wannan shafin ne zai yi magana. Wanda ba shi da babbar waya ko ba ya karanta harshen da aka rubuta fayil ɗin, haƙƙinsa bai faɗi ba; ya nemi kwafi a takarda da wanda zai yi masa bayani.

Game da tsaro, akwai abin tsoro na gaske. A 2018 masu kutse sun kwashe bayanan mutum miliyan 1.5 daga rukunin asibitocin SingHealth a Singafo, har da na firaministan ƙasar na lokacin, Lee Hsien Loong. A 2020 aka gano an sace rubutun zaman tattaunawa na dubban majinyata daga cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta Vastaamo a Finlan, ɓarawon ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya yana neman kuɗi ko ya tona asirinsu. Amma lura, a duka biyun ma'ajiyar cibiyar aka fasa. Ƙin buɗe naka shafin ba ya kare ka daga irin wannan, bayananka suna can ko ka duba ko ba ka duba ba. Abin da ke hannunka shi ne ƙofarka: kalmar sirri da ba ka amfani da ita a wani wuri, lambar tabbatarwa da ake turowa ta waya in akwai tsarin, kulle a kan wayar. Ka yi hankali da manhajojin waje da ke cewa ka haɗa su da fayil ɗinka; a Amurka, da zarar ka tura bayananka ga irinsu da kanka, galibi HIPAA ba ta bin su can. Hoton sakamako da ka tura a WhatsApp ma ya bar hannunka ke nan.

Sai ɗanka, Allah ya yi masa albarka. Taimakonsa abu ne mai kyau, majinyata masu ciwo mai daɗewa sun fi samun sauƙi in akwai wani a gida da ya san abin da ake ciki. Amma kada ka ba shi kalmar sirrinka. Ka tambayi asibitin ko suna da tsarin wakilci, inda za a buɗe masa tasa hanyar shiga da sunansa, da izininka a rubuce. Ba don rashin yarda da shi ba ne. In ya shiga da sunanka, duk saƙon da ya tura wa likita, likita zai ɗauka kai ne ka rubuta, ya ba da shawara a kan haka. Tsarin kuma yana ajiye tarihin wanda ya buɗe fayil da lokacin da ya buɗe. A Estoniya majinyaci da kansa yana iya ganin wannan tarihin ya tuhumi wanda ya leƙa ba dalili, to in mutum biyu suna shiga da suna ɗaya an lalata wannan shaidar. Sannan kalmar sirri komai take buɗewa, na shekaru goma baya da na gobe, har abin da uba ba zai so ɗansa ya karanta ba, alhali a wasu tsare-tsaren wakilci ana iya taƙaita abin da wakili zai gani, kuma kana iya janye izinin ranar da ka ga dama ba tare da rigima ba. Wannan ya fi muhimmanci ga wanda ake matsa masa ya bayar, kamar matar da miji ke bibiyar fayil ɗinta. Irin wannan ta gaya wa likita a keɓe, ana iya ɓoye wasu bayanai daga shafin ko a rufe shi gaba ɗaya.

In asibitinku ba su da tsarin wakilci, ku zauna tare, ka shiga da hannunka, ku duba abin da za ku duba, ka fita. Ku fara da jerin magungunan: ya ɗauko duk kwalayen da kake sha, har da wanda ka saya ba da takardar likita ba, yana karanto sunan da adadin da ke jikin kowanne kana gwadawa da abin da ke allo. Duk wanda bai dace ba ku rubuta shi, ka kira asibitin a kan tsohon maganin nan ba tare da jira ba.